Cigiyar Jakin Ilu Sanƙira

Duk wanda ya ci kasuwa tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar a zamanin da muke da ƙarfin ƙafa, in ka ambaci Ilu Sanƙira, sai ya fara dariya kafin ya ce Allah ya ji ƙansa. Zai ce maka, "Ai shi ne wanda ya yi cigiyar jaki, jakin kuwa yana tsaye a bayansa." Haka ne, an yi haka, a gabana aka yi. Amma dariyar nan ta ishe ni. Shi ya riga mu gidan gaskiya, wadda abin ya shafa kuma na tambaye ta, ta ce in faɗa, yanzu ta yi jikoki, kunyar ta ragu. Da ba ta yarda ba, ko yanka ni za a yi ba za ku ji daga bakina ba.

Ni ce Talatu, taubashiyarsa. Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka a wasan taubasai bawana ne, kuma ban taɓa barinsa ya manta ba. Gajere ne, siriri, duk abin da ya ci a wuya yake tsayawa ya zama murya. Iyayenmu sun ce ranar da aka haife shi ba a aiki kowa ya faɗa ba, kukansa kaɗai ya kawo maƙwabta barka. Da ya girma, in ya ja ka gefe zai yi maka magana a asirce, sai ka ji an amsa daga wata unguwa. Shi ma ya san halin bakinsa, don haka abin da ba ya so a ji, sai ya haɗiye shi gaba ɗaya.

Dagaci ya ba shi shelar gari tun yana saurayi. Da 'yar gangarsa a hammata yake zagayawa. Shi ke faɗin an ga wata, shi ke faɗin masu allurar lamba za su zo a fito da yara, shi ke cigiyar akuya da tunkiya. Da gwamnati ta ce motoci su koma hannun dama, Ilu ya yi wuni yana shela a garin da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, har ya ƙara da nasa, wai masu jakuna ma su kiyaye. Na tare shi na ce, "Kai bawa, jakin naka ya san damansa da hagunsa?" Ya ce, "Ya fi ki sani, uwar ɗakina."

Abu ɗaya yake taƙama da shi: bai taɓa shelar ƙarya ba. In ka zo ka ce akuyarka ta ɓata, sai ya bi ka gida ya ga turken babu komai, sannan ya taɓa ganga. Yakan ce ran da aka kama sanƙira da ƙarya, ranar ya gama aiki.

To, bakin nan da ya kira sunan kowa a ƙasar nan, akwai sunan da bai taɓa fita daga cikinsa ba. Zuliha, 'yarsa ta fari. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, da kuke ɗora ɗan fari a wuya kuna yawo da shi a gari. A lokacinmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya hira da ita, in ta shigo sai ya kama duban bango. Uwarta Kande ma haka. Ni na yaye Zuliha, a ɗakina ta girma, ni na yi mata gara da aka kai ta gidan Hussaini ɗan Baffa Cindo. In Ilu zai yi zancenta, sai ya ce "yarinyar nan ta wajenki," kamar 'yar wani ce aka ba ni riƙo.

Yanzu sai ɗakin shan magani. En'e, hukumar sarki ta wancan lokacin, ta gina mana shi a gefen kasuwa, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da ƙofa a baya, da taga a gaba, da dogon benci a ƙarƙashin tagar. Malam Mika'ilu ke kula da shi, ɗan birnin Gumel, yana zuwa a kan keke daga Gagarawa ranar kasuwa. Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne, hannunsa ma yana da sauƙin allura. Sai dai tun ran da wani ya ɗauke masa almakashi ya rantse babu mai sake shiga ɗakin. Kowa ta taga. Mai karɓar allura ya miƙo hannu, mai gyambo ya ɗora ƙafa a benci, shi ya leƙo ya wanke. Ga mutane da yawa, ga shi shi kaɗai, ga hanya tana jiransa.

Babbar matsalar ita ce, duk abin da ka faɗa masa sai ya maimaita da ƙarfi yana rubutawa. Wani mahauci ya zo ya sunkuya ya yi ƙasa da murya, sai muka ji Malam ya ce, "Basir? Mai tsiro ko mai jini?" Tabɗijam! Kafin azahar babu wanda bai sani ba a kasuwa, masu sayen tsire suna tambayarsa yaya zama. Daga ranar garinmu ya kamu da ciwon kai. Mai gudawa ciwon kai, mai kaba ciwon kai, macen da ke fama da mara ciwon kai. Malam ya miƙo fararen ƙwayoyi a ƙunshin takarda, kowa ya karɓa ya yi godiya ya tafi gida da cutarsa. Har yakan ce bai taɓa ganin gari mai ciwon kai irin namu ba, lallai a duba ruwan rijiyarmu.

Shekarar da aka canja kuɗi, fam ya tafi naira ta zo, Zuliha ta haifi ɗanta na fari, ta dawo gidan ubanta wanka. Mijinta ya bi shanu daga Maigatari zuwa Kurmi, babu ranar dawowa. Aka yi suna lafiya. Aka yi ta wanka, ana ta kunun kanwa, amma jini ya ƙi ɗaukewa. Ungozoma ta ba da jiƙonta, na kawo nawa, aka yi rubutu aka sha. Har aka yi arba'in abin yana nan. Yarinyar da take da jiki mulmul ta koma kamar karan dawa, in ta miƙe sai ta dafa bango. Tsoro ya kama ni, don na taɓa ganin mace ta tafi a haka.

Na ja ta zuwa ɗakin shan magani. Muna isa, wa muka tarar a ƙarƙashin taga? Baffa Cindo, surukinta! Yana da wani tsohon gyambo a ƙwauri, kowace kasuwa shi ne na farkon zuwa, in an wanke masa kuma ba ya tashi, nan ne majalisarsa. Zuliha ta durƙusa ta gaishe shi kanta a ƙasa, ta matsa taga.

Malam ya ce, "Me ke damunki?"

Ta ce, "Ciwon kai."

Ya ce, "Ciwon kai," ya rubuta, ya miƙo ƙwayoyi.

Na ce, "Malam, don Allah a buɗe mana ƙofa, magana ce ta mata." Ya ce, "Iya, in na buɗe miki, duk mutanen nan sai na buɗe musu. Faɗi nan, ina ji." Na buɗe baki ke nan, Zuliha ta damƙe min hannu har farcenta ya shiga. A hanya ta ce, "Gwaggo, wallahi in kika faɗa a gabansa, gara in mutu." Na koma na jira har Malam ya tashi, na tare kekensa, ya ce rana ta yi, ga hanya, in kawo ta wata kasuwar. Ta taga.

Da la'asar na tafi wurin Baffa Cindo, tun da shi ne a madadin mijinta, na ce a bar ni in kai ta asibitin Gumel. Ya gyara zama ya ce, "Haba Talatu, Gumel saboda ciwon kai? Ai da kunnena na ji ta faɗa. Ta sha ƙwayoyin Malam, za ta warware. In Malam ya ce a kai ta, ni zan sa ta a mota da kaina." Kun ji fa. Ƙaryar da ta yi don kunyarsa ita ce ta rufe mata hanya. Na fito ina ji kamar in taka masa gyambon.

Kasuwa tana matsowa, sai ga Ilu da hantsi a ƙofar gidana. Ya tsaya yana kallon akuyata kamar zai saya. Can ya ce, da muryar nan tasa da ya yi iya ƙoƙari ya danne, "Uwar ɗakina, yarinyar nan ta wajenki, na ga kwanon tuwo yana fitowa yadda ya shiga."

Ai kuwa ya taɓo ni. Na jawo shi zaure na wanke shi tas. Na ce, "Au, ashe kana da ido? Yarinyar wajena ko? To yarinyar wajena za ta mutu a cikin gidanka kana duban bango! Ba ciwon kai ke damunta ba. Abin da ke damunta ba zai faɗu a tagar nan ba, surukinta yana zaune yana baza kunne, Malam yana maimaitawa kamar ɗan'uwanka sanƙira. Kai da ka cika duniya da baki, ga ranar baki ta zo, ba ka da abin cewa!"

Bai ce min uwar ɗakina ba, bai rama ba. Ya tambaye ni abu ɗaya, ya ce, "In babu mai ji, za ta faɗa?" Na ce za ta faɗa. Ya sa takalmansa ya fita.

Ranar kasuwa da sassafe na je rijiya, na hango shi yana jan jakinsa ya nufi dajin da ke hanyar Sule Tankarkar. Ina komawa da tulu na sake ganinsa ya dawo shi kaɗai, igiya a hannu. Na ce, "Kai bawa, ina jakin?" Ya ce, "Ya ɓata." Na ce, "Ƙarya kake, yanzu na gan ku tare." Ya ce, "Je ki duba turke." Ba ni da lokacin shirmensa, na wuce.

Da rana ta ɗaga na kamo Zuliha, muna tafe muna hutawa. Layi ya yi tsawo, Baffa Cindo yana wurinsa ya miƙe ƙafa. Muka bi layi har saura mutum ɗaya a gabanmu. Sai na ji ganga a bayan kunnena, kamar za ta fasa kwanon ɗakin.

"Jama'a a saurara! Ana cigiya! Ana cigiya! Jakin Ilu Sanƙira ya ɓata!"

Ga shi nan tsaye daf da benci, ya juya wa taga baya, ya buɗe maƙogwaro gaba ɗaya. Ni da na san muryarsa tun muna yara, ban san akwai sauran da yake ɓoyewa ba. Ya faɗi launin jakin. Ya ce kunnen hagu a tsage yake. Ya ce yana ɗingishi, amma sai in ya ga kaya. Ya ce a Maigatari ya saye shi hannun wani Buzu daga Damagaram, jakin ƙasar Faransa ne, har yanzu bai gama sabawa da mu ba, wanda ya gan shi ya bi shi a hankali. Kowace magana sai ya bi ta da ganga.

Malam Mika'ilu ya leƙo ya ce, "Kai! Kai mai ganga! Nan asibiti ne!" Ina! Ko shi bai ji kansa ba. Lokacin Zuliha ta iso taga. Na ga bakin Malam yana motsi, na ga nata yana motsi, babu mai jin wani.

Ana cikin haka sai ga jaki. Wallahi ga shi nan ya ratso kasuwa, yana tafe yana sunsunar ƙasa, bai tsaya ko'ina ba sai bayan Ilu. Ya sa hanci a rigarsa. Wata mai fura ce ta fara ihu, "Ga shi nan a bayanka!" Sai layi ya ɗauka, sai 'yan kasuwa suka taso. "Ilu, waiwaya! Ga jakinka!" Ilu ya ƙi waiwayawa. Ya ƙara ɗaga murya, "Wanda ya gani, don Allah don Annabi ya taimaka! Ba ni da wani sai shi!" Jakin ya tura shi da kai, ya yi taga-taga, ya ci gaba. Jakin ya ga ba a kula shi ba, shi ma ya buɗe nasa bakin. Wayyo Allah! Mutane suna faɗuwa ƙasa don dariya. Baffa Cindo da gyambonsa ya tashi daga bencin da bai taɓa bari ba, ya ɗingisa ya je yana jan hannun rigar Ilu yana nuna masa jaki, hawaye na zubo masa.

Malam ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ya toshe kunne ɗaya, ya yi wa Zuliha nuni da hannu ta zagayo. Na ji sakata ta buɗe. Muka shiga, ya mai da ƙofa ya rufe, ya jawo tagar ma ya rufe don ya samu ya ji.

Ya ce, "To, ciwon kan ne har yanzu?"

Zuliha ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta sunkuyar da kai ta faɗa masa. Duka ta faɗa. Na ga ya buɗe baki zai maimaita yadda ya saba, sai ya rufe. Ya ajiye alƙalami. Ya ce ta yarda ya duba idonta, ta ce ta yarda. Ya ja fatar idon ƙasa, fari fat. Ya ce, "Inna lillahi. Tun yaushe?" Na faɗa masa. Ya ce, "Me ya hana ku faɗa min wancan zuwan?" Na ce, "A gaban uban mijinta, Malam? Kai za ka so a tambayi 'yarka haka a bakin kasuwa?" Ya daɗe yana kallon tulin fararen ƙwayoyin da ke kan tebur, sannan ya ce a hankali, "Duk masu ciwon kan nan?" Na ce, "Duka. Har da ni."

Ya fito da kansa ya tsai da motar da ta kawo buhuna daga Gumel, ya ce wa direba ba zai jira tashin kasuwa ba. Baffa Cindo ya matso yana share hawayen dariya ya ce, "Malam, Gumel kuma? Ba ciwon kai ba ne?" Malam ya ce, "Baffa, abin da mara lafiya ta faɗa min nata ne da ni. Kai dai ka yi izini, yau za ta tafi." Tsohon ya ga fuskarsa babu wasa, ya ce a tafi. Sai da aka ɗora ta a gaban mota, na hau da jariri, mota ta tashi, sannan na ji ganga ta yi shiru. Na leƙo na ga Ilu ya waiwaya ya ce, "Af! Ashe kana nan."

A Gumel aka yi mata abin da ya kamata, aka ƙara mata jini. Wata nas ta ce min da mun ƙara kasuwa ɗaya, da sai dai haƙuri. Ina zaune a bakin gadonta ina tuna jakin nan, na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun.

Kafin mu dawo, Malam Mika'ilu ya sa an ɗauke benci an kai shi can gindin darbejiya. Mutum ɗaya ke shiga, a rufe ƙofa, almakashi kuma a aljihunsa yake kwana. Cikin ɗan lokaci ciwon kai ya bar garinmu, ba tare da an taɓa rijiya ba. Baffa Cindo ne kawai ya yi ta mita, wai asibiti ya lalace, yanzu mutum ya wuni a wurin ba ya jin komai.

Shi kuwa Ilu, shi ya biya. Dagaci ya kira shi ya ce sanƙiran da ba ya ganin jaki a bayansa ba zai ga akuyar mutane ba, ya karɓi shelar ya ba wani mai suna Ubale. Labari ya bi motoci har Maigatari. Duk inda ya shiga sai wani ya ce, "Ilu, waiwaya!" Ya yi dariya tare da su ya wuce. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa, amma in ya faɗa, ya tona ciwon 'yarsa, ya kuma nuna wa duniya yana son 'yar fari. Ya koma noma da dakon itace da jakin nan, bai taɓa faɗa ba.

Ni dai na titsiye shi. Na ce, "Kai bawa, me jakin yake nema a rigarka?" Ya ce ƙauna ce. Na ce, "Kande ta ce da za ta wanke rigar, ta tarar da aljihu a huje, da ragowar dusa a ciki. Tun daga daji ka zubo masa hanya, munafuki." Ya ce, "Uwar ɗakina, na ce ya ɓata, kuma turke babu komai. Ban ce ba zai dawo ba." Na rasa zagin da zan yi masa, na ba shi goro.

Zuliha ta gane, ba sai na faɗa mata ba. Amma ta yaya 'yar fari za ta tsaya gaban ubanta ta yi masa godiya? Washegarin dawowarmu da hantsi, ina tsakar gidan Ilu, shi yana zaune a tabarma ya juya baya yana gyaran igiya. Sai ta fito daga ɗaki tana takawa a hankali, da ƙwaryar dusa a hannu. Ta wuce shi ta je turke, ta durƙusa har ƙasa a gaban jakin, ta ajiye masa. Ta ce, yadda duk gidan zai ji, "Sannu da wahala. An yi maka dariya saboda ni. Allah ya saka maka da alheri, Allah ya sa ka gama lafiya."

Jaki ya sa kai a dusa. Hannun Ilu ya tsaya a kan igiya, bai waiwaya ba. Ina kusa da shi, na ga wuyan nan yana motsi. Sai ya ce, "Amin." A hankali ya faɗa, ko Kande da ke bakin murhu ba ta ji ba.